Jan Biro a Birnin Darmas

Malam Isuhu, wani mafarki na yi daren jiya wanda har kokon safe ya hana ni sha cikin natsuwa. Tunda kai ka gaji littattafan fassarar mafarki na mahaifinka, kai zan ɗora wa kayan.

Ka san Darmasanci, harshen nan da na ƙirƙira tun muna kwalejin horon malamai, wanda kuke kira aljanin Malam Bala. Sama da shekara ashirin ina gininsa. Na yi masa birni, Darmas. Na yi masa zamani uku: na masu sassaƙa rubutu a dutse, na fada da mawaƙa, sai na lalacewa, lokacin da fatake suka shigo suka dagula shi. Na ba shi jinsi biyar, da wata siga ta aikatau da ba a amfani da ita sai ga abin da mutum ya ji an ce amma bai gani da idonsa ba. Duk wannan yana cikin littattafai huɗu masu baƙin bango a ƙasan akwatina.

Ka kuma san Rabi, autarmu. Ta tashi tana jin ina sambatu da harshen, ta tsinci abin da ta tsinta, ta rubuta labari da shi, ga shi ana karantawa a rediyo. Yanzu har a kasuwa sai ka ji mata suna gaisawa da Darmasanci, suna cewa yaren Rabi ne. Ran Juma'a za ta zo karɓar littattafan nan huɗu, wai za ta sa nahawun a ƙarshen littafinta da za a buga. Na ce mata zan duba. Kai malami ne, ka san abin da "zan duba" yake nufi.

To, a mafarkin sai na gan ni a ƙofar Darmas da rana tsaka. Da alli aka gina ganuwar, fara fat, ƙyauren kuwa na makarantarmu ne, har da tsatsar nan ta ƙasa. Ina sanye da rigata ta ranar Litinin, littattafan huɗu a hammata, jan birona a aljihu. Na gane komai. Ga kasuwar gishiri, ga unguwar marina. Har hasumiyar da ta rushe a zamani na biyu tana nan tsaye ƙyam, abin da ya ɗan ɓata min rai, don ni na rushe ta da hannuna a littafi na biyu.

Mutane suna ta kai da kawowa, kowa Darmasanci yake yi. Malam Isuhu, ban taɓa jin harshen nan cikakke a bakin wani mahaluki ba sai nawa. Na tsaya na kasa kunne sosai, sai na ji ashe irin na Rabi suke yi. Ko na zamanin lalacewa bai kai shi lalacewa ba. Suna haɗiye ƙarshen kalma, suna cakuɗa jinsi biyar ɗin kamar dafa-duka, kuma suna ta dariya abinsu.

Na je wajen mai tsaron ƙofa na zuba masa cikakkiyar gaisuwar fada, wadda sai da na yi wata guda ina tsara ta. Ya dube ni yadda ake duban mai tallan magani da lasifika.

"Baƙo, daga wace ƙasa?"

Na ce ni na yi ƙasar nan. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa.

Sai kawai na gan ni a cikin fada. Ga Rabi zaune a kan buzu, da atamfar nan da take wanke-wanke da ita, dattawa sun kewaye ta. Duk abin da ta faɗa, wani magatakarda yana sassaƙa shi a dutse nan take, ko tari ta yi sai ya sassaƙa. Maroƙi yana ta ɗaga murya: uwar harshe, mai ba kurma baki. A jikin bango an zana tarihin harshen gaba ɗaya, zamani uku, daidai yadda na tsara, ba a taɓa ko waƙafi ba. Na bi da yatsa ina neman sunana. Na same ni can ƙasa, kusa da inda ake ajiye takalma, da ƙananan baƙi: "da taimakon wani ɗan'uwanta." Shi ma da sigar ji-an-ce aka rubuta shi.

Na ce, "Rabi! Ke Auta!"

Ta ɗago da fara'arta. "Lah, Yaya Malam, ka zo? Don Allah a ba shi tabarma."

Tabarma, Malam Isuhu. Ni da na koya mata riƙe fensir.

Ban san lokacin da na fita ba, sai kawai na gan ni a tsakiyar kasuwa, biron yana hannuna, murfinsa a bakina yadda nake yi in zan duba jarrabawa. Wata mai gishiri ta kira mai saye. Na ce ba haka ake cewa ba, na ja layi a iska. Layin ya tsaya a nan, ja wur, a gaban fuskarta. Bakinta ya rufe. Ta tsaya cak da mudu a hannu, gishirin da ke zuba ma ya tsaya.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Irin daɗin nan na ranar da takardar yaro mai ji da kai ta zo hannunka. Na wuce wajen mahauci, na ja masa. Na ja wa marina. Na ja wa wasu 'yan mata biyu da ke faɗa a bakin rijiya, da ma zagin nasu bai bi ƙa'ida ba. Maroƙin fada kuwa layi biyu na yi masa, har da "zo ka same ni". Biron nan da kullum yake ƙarewa a tsakiyar zango, a Darmas ko alamar ƙarewa bai yi ba.

Sai kawai na shiga wani lungu da ba ni na tsara shi ba. Wata tsohuwa tana zaune a bakin zaure ta ba ni baya, tana tsince wake a faifai, tana 'yar waƙarta da Darmasanci, kuskure a kan kuskure. Na ɗaga hannu. Ta waiwayo, sai na ga Inna ce, mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, da kallabin nan nata ruwan ƙasa.

Ta ce, "Bala, har ni?"

Na riga na ja layin.

Daga nan garin ya yi tsit. Babu guɗa, babu ciniki, ko akuya ba ta kuka. Jajayen layuka ne kawai rataye a iska kamar shanya. Na tsaya a tsakiyar fili na faɗi jimla mafi kyau da na taɓa ginawa, ta tsohon zamani, kowace kalma a mazauninta. Babu kuskure ko ɗaya a duk faɗin Darmas, kuma babu wanda ya amsa. Ganuwar ta fara zubar da garin alli a hankali, yadda yake zuba daga allo in an tashi daga makaranta.

Sai ga Rabi tana tahowa ita kaɗai, ba takalmi, tana ratsa mutanen da suka sandare. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta zo gabana ta miƙo hannu. Littattafan suna hammatata ta hagu, biron yana hannuna na dama, hannunta kuwa yana tsakiya, ban san wanne take nufi ba. Ta buɗe baki za ta yi magana. Na san kuskure za ta yi, na ji biron ya fara ɗagawa da kansa.

Kiran asalatu ya tashe ni. Hannuna na dama a dunƙule, har farce ya shata min tafi. Kafin in yi alwala sai da na buɗe akwati: suna nan su huɗu, babu wanda ya taɓa su, kamar yadda babu wanda ya taɓa su shekara da shekaru.

Don Allah kar ka ce min hassada ce. Wannan fassarar maiɗakina ta riga ka, tun ban kai ga kasuwar gishiri ba ta yanke hukunci ta koma hura wuta. Ni abin da nake so ka duba min a littattafan nan naku shi ne hannun. Jibi Juma'a, da hantsi za ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Me hannun nan yake nema, Malam Isuhu, littattafan ko biron? In kuma na miƙa mata ɗaya, me zan yi da wanda ya rage?