Harbi a Tsakiyar Kiɗa

Jama'a, yau na ga tashin hankali a unguwar Ainu Shams!

Maƙwabciyata Madam Samiha ce ta gayyace ni bikin tunawa da wani bauɗaɗɗen makaɗin Faransa. Na tafi da Inna, wadda ta zo Alƙahira ganin likitan zuciya.

Ana cikin kiɗa sai jiniya ta tashi. Sai tau! Ƙarar bindiga! Na saki salati, na fizgo Inna muka zube ƙasa.

Samiha ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, jiniyar da harbin duk cikin kiɗan suke!"

Na juya, Inna ta dafe ƙirji, ba ta numfashi sosai. Innalillahi!

Yanzu muna asibiti. Ta farfaɗo, alhamdulillahi. Tana buɗe ido ta riƙo hannuna ta ce, "Rabi, an kama mai harbin?"