Bijimin da Na Kwance da Bakina

Tsufa ya share mini abubuwa da dama daga kai, har sunayen wasu abokan aikina sai na yi ta lalube kafin su zo. Amma abin da na gani wata ranar Lahadi a filin dawaki na bayan garin Yamai, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina da ƙuruciyata, na baro garinmu na gabas na zo Yamai, ina tuƙa wa wani ɗan kasuwa na unguwar Kalley ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Maigidan nawa ya ɗaura wa motar amsa-kuwwa a ka, ina zaga unguwanni ina tallar sabulu da shayi. Allah ya ba ni baki. Hausa tawa ce, Zabarmanci kuma na tsince shi a kasuwa, har nakan haɗa su a numfashi ɗaya. Mutane kan ce ko ruwan kogi na tallata a Goudel, unguwar bakin kogi, sai masunta sun saya. Ina jin daɗin wannan yabo ƙwarai, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Akwai wata ƙungiyar masu hawan doki da Turawa suka kafa tun zamaninsu. Wasansu tsallake ne. Sai a jera shingaye na sanduna masu fenti ja da fari, mahayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda dokinsa bai kayar da sanda ba kuma ya fi saurin gamawa shi ne gwani. Da mulki ya dawo hannun ƴan ƙasa, wasu hafsoshin soja da manyan ma'aikata suka shiga. Aka ɗora wa wani matashin hafsa mai muƙamin litna da ya dawo daga horo a Faransa nauyin jawo mutanen gari kallo, don a nuna wasan ya zama na kowa. Ya buga takardun talla da Faransanci ya lilliƙa a bango. Ranar gasar, ban da mahayan da iyalansu, sai masu tallar gyaɗa biyu ko uku, su ma suka koma da kayansu. Shi ya sa ya nemo ni.

Ya kai ni na kalli gwajinsu da safe. Babu kiɗa, babu kirari, ba ka jin komai sai ƙarar kofato. In doki ya haye lafiya a ɗan tafa kamar ana jin kunya. Na dube shi na ce, "Litna, in na je kasuwar Petit Marché me zan ce wa masu tumatir? Su bar kayansu su zo su ga doki ya ƙi taɓa sanda?"

Ya yi dariya, ya ce shi ma abin da ke damunsa ke nan. Ya ce duk ranar da aka sa fim ɗin kaboyi a silima, inda mutum ke hawan sa mai hauka har ya yar da shi, samari sai sun cika wurin maƙil, kuma ya ji a can Amurka irin wannan wasa jama'a ke tururuwa a kansa. Na ce masa ai ba sai mun je Amurka ba, mahautanmu suna da hawan ƙaho tun kaka da kakanni. A sa shi a ƙarshen taro, dole mutane su zauna su kalli tsallaken kafin su ga abin da ya kawo su. Nan take ya yarda.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, shi ne mai kula da bargar dawakin. Tsohon soja ne da ya haura hamsin, siriri, ba ya son yawan magana. Duk dokin da ke tsallake a filin nan shi ya hore shi, amma a zamanin Turawa in ranar gasa ta zo sai ya miƙa linzami ya koma gefe. A wannan shekarar ne aka fara sa shi cikin mahaya, da wani ɗan bidin doki na ƙasarmu wanda bai kai tsayin sauran ba. Ya ce shingen filin don doki mai horo aka yi shi, ba zai riƙe sa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, abin da ka kira mutane su gani, shi za su nema a hannunka." Na ce to Baba, a raina kuwa na ɗauka tsoron tsufa ne.

Wanda zai hau ƙahon maƙwabcina ne, mahauci a Petit Marché. Gida ɗaya muke haya a Kalley, kwano ɗaya muke ci, yana da mata da ƴaƴa mata biyu. Ya iya wasan tun a garinsu. Ya amince bisa yadda aka saba yi, wato igiya ɗaya a wuyan sa, ɗaya a ƙafar baya, ƙarfafan maza suna riƙe da su.

Mako guda na yi ina zaga gari. Ranar Litinin bijimi ne kawai nake faɗa. Zuwa Laraba ya zama bijimin da ya soke makiyaya uku a daji, abin da ni na ƙaga. Tsallaken dawaki kuwa sai in ambace shi a ƙarshe da jimla ɗaya, wani lokaci ma in manta. Ranar Juma'a na tsaya a bakin Petit Marché ina ta zuba, sai wata mai sayar da kuɓewa ta ɗaga murya ta ce ita ta sha ganin hawan ƙaho, sa a ɗaure ai ba labari ba ne. Mata suka kwashe da dariya. Ni da ban saba a kayar da ni a magana ba, kafin in yi tunani na ji bakina yana cewa ta cikin amsa-kuwwa wannan babu igiya, a sake za a hau shi. Kasuwa ta ɗauka. Da na ga yadda maganar ta kama, sai na maimaita ta a Kalley, na kai ta har Goudel.

Da yamma muna cin tuwo maƙwabcin nawa ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da aka ce na faɗa. Na ce masa talla ce kawai, wa zai tuna ranar Lahadi. Ya wanke hannunsa ya tashi.

Ranar Lahadi tun azahar hanya ta cika. Masu keke, masu jaki, masu tafiya a ƙasa, mata da goyo. Wasu suka hau itatuwa, saura suka matsu a jikin shingen katako da ya kewaye filin har yana lanƙwasa. Litna ya kama hannuna yana girgizawa, fuskarsa kamar gonar auduga. Ni kuma na hau bayan motata da abin magana a hannu, ina jin babu kamata a Yamai.

Aka fara tsallake. Jama'a ba su san ƙa'idar wasan ba, ba su kuma damu su sani ba. In sanda ta faɗi su yi shewa. Da wani doki ya turje ya jefa mahayinsa ta gaba, har guɗa mata suka yi. Tsohon nan ya zo da bidinsa ya bi shingayen duka bai taɓa ko ɗaya ba, amma ban ga mutum goma da suka lura ba, don an riga an fara kiran a kawo sa. Ni kaina ban ambaci cewa shi ya ci gasar ba.

A gefen filin akwai ɗan garke da aka kafa da manyan dirkoki don ajiye san, ƙofarsa tana kallon fili, bayansa kuma a toshe da itatuwa masu tsayin wuyan mutum. Daga nan aka jawo shi. Jan bijimi ne irin na Bororo, ƙahonninsa kamar mutum ya ɗaga hannuwa biyu sama. Kalangu ya ɗauka, maƙwabcina ya fito da warkinsa yana kirari. Can sai wani ya hango igiyoyin ya yi magana, maganar ta zaga fili. Suka shiga kiran a kwance, a kwance, wasu suna nuna ni da yatsa suna cewa ga maƙaryacin can.

Maƙwabcina ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya. Wannan kallo har yau ina ganinsa. Sai ya juya ga masu riƙon igiya ya ce su saki. Babban mahautan ya hana, shi kuwa ya rantse ba za a yi masa dariya a gaban ƴaƴansa ba. Suka saki. Abin magana yana hannuna, kalma ɗaya daga gare ni ta isa, in ce ni na ƙara gishiri. Ban faɗa ba.

Ya yi tsalle ya faɗa tsakanin ƙahonnin, ƙirjinsa a goshin san, hannuwansa sun sarƙe wuya. Bijimin ya yi ta juyi da shi yana ɗaga shi sama yana saukewa, fili ya kaure da ihu. Ban san tsawon lokacin da ya riƙe ba. Na dai ga an yi jifa da shi gefe, ƙaho ya ratsa cinyarsa, ya kwanta bai motsa ba. Bijimin ya tsaya yana huci, sannan ya juya ya nufi ɓangaren da mata da yara suka matsu. Ya kai wa shingen karo ɗaya, na ji katako ya yi ƙara. Na gaba suna son gudu, na baya sun toshe hanya. 

Sauran mahayan sun riga sun janye dawakinsu nesa. Tsohon ne kaɗai ke kan sirdi a bakin fili. Na ga ya taɓa bidin da dunduniya, suka gitta ta gaban hancin san, ya cire hularsa ya maka masa a fuska. Bijimin ya bar shingen ya bi su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsohon bai saki linzami ya tsere ba. Ya riƙe dokin daidai, taku ɗaya tsakaninsu da ƙaho, don kada san ya fid da rai ya koma kan mutane. Ka san doki da tsoro, amma ɗan bidin nan kunnuwansa a kwance, yana tafiya gwargwadon yadda aka ce masa. Haka suka ratsa filin gaba ɗaya, suka miƙe zuwa ƙofar garken.

Na ce a raina tsohon nan ya ruɗe, ai can babu mafita. Suka shiga, san yana biye. Cikin garken bai fi taku uku na doki ba. Na ga tsohon ya sunkuya a wuyan bidin kamar mai raɗa masa magana, dokin ya tattara ƙafafunsa ya tashi. Wallahi a idona sai da suka tsaya a sama. Cikin dokin ya wuce saman itatuwan nan da suka fi duk shingayen gasar tsayi, suka dira a waje, ko tuntuɓe babu. Bijimin ya kai wa dirkoki karo har ƙasa ta amsa, mahauta suka ruga suka rufe ƙofa.

Duk yawan taron nan babu wanda ya yi shewa. Daga inda nake ina jin numfashin dokin. Wata tsohuwa a gefen motata ta yi kabbara a hankali tana share ido. Shi kuwa tsohon ya sauka, ya bi ƙafafun bidin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ya sassauta masa sirdi, ya ja shi barga. Ko waiwayen jama'a bai yi ba.

Ni na kai maƙwabcina asibiti a bayan motar tallar, jininsa yana jiƙa kwalayen sabulu. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma da ɗingishi ya tashi, bai sake hawan ƙaho ba. Watanni matarsa ba ta amsa gaisuwata. Shi ne daga baya ya kira ni ya ce in bar sunkuyar da kai, in ni na yi ƙarya shi ma girman kai ya ja shi. Yafiyar tasa ta fi zagi yi mini nauyi.

Bayan kwana uku na je barga na durƙusa na ba tsohon haƙuri. Na tambaye shi yadda ya san dokin zai haye. Yana goge wa bidin jiki, bai ko tsaya ba, ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Shekaru nake hawansa kowace safiya, ban taɓa neman ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Da na nema ranar, sai ya yarda da ni."

Labarin ya daɗe yana yawo a Yamai, har a Goudel aka riƙa cewa dokin fiffike gare shi. Da aka sake gasa mutane sun zo da yawa, amma da suka ga babu sa, mafi yawansu suka watse kafin la'asar. Ban ga laifinsu ba, zuciyar ɗan Adam tana son inda ake wasa da rai, kuma wannan ya fi sauƙin talla a ko'ina. Ƴan kaɗan ne suka zauna, suka koyi yin shiru in doki ya tunkari shinge. Ina cikinsu.

Na ci gaba da talla shekaru masu yawa bayan haka, da ita na ciyar da iyalina. Amma tun daga ranar na gane maganar da mai talla ya saki a kasuwa ba ta bin iska, wani ne zai biya ta da jikinsa, kuma sau da yawa na kusa da kai ne. Na kuma gane gwanintar da ke ceton rai a ranar tsanani, a ɓoye ake tara ta, a safiyoyin da babu mai kallo balle mai tafi. Shi ya sa nake gaya wa ƴaƴana, kafin ku yi alkawari da sunan wani, ku tambayi kanku ko za ku iya tsayawa ku kalle shi yana cikawa.