Wankin Inna a Bakin Dam

Da wannan Ƙaramar Sallar da ta wuce Yaya Habu ya cika shekara goma sha bakwai da rasuwa. Na saba in lokacin ya zagayo in yi sadakar ƙosai, in yi masa addu'a, in ci gaba da harkokina. Bana dai 'yarsa Ummi ta hana ni sakat. Tana shekara biyu ya rasu, yanzu ga ta budurwa tana jami'a, kuma abin da ta sani na mahaifinta bai wuce hoto guda da ke rataye a ɗakin babarta ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, kowa sai ya ce min Baba mutumin kirki ne. To ai duk wanda ya mutu haka ake cewa. Ni ki kai ni inda ya yi aiki in gani da idona." Maganar ta tsaya min a rai, don ban ga ƙarya a cikinta ba, sai na yi mata alkawarin zan kai ta.

Yaya Habu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Dala aka haife mu. Duk gidanmu 'yan kasuwa ne, shi kaɗai ya fita zakka ya kama aikin gwamnati a wata babbar madatsar ruwa da ke kudu da birni, wadda mu dai dam muke ce mata. Aikinsa buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. Da rani ya sakar wa manoma gwargwadon abin da aka tsara, da damina kuma idonsa na kan ma'auni kada ruwa ya fi ƙarfin wurin. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, amma in ya kafe a kan abu gara ka haƙura. Inna, mahaifiyarmu, wadda Ummi ta ci sunanta, ba ta gajiya da yi masa tsiya: wai ɗanta ke riƙe da ruwan duniya, ita kuwa famfonta sai tari yake yi, kullum tana zaman jiran 'yan garuwa.

A wancan lokacin bakin dam a buɗe yake, kowa ya je ya sha iska. Wata shekara Yaya ya ce washegarin Sallah zai kai gidan gaba ɗaya mu ga ruwa. Ya ɗauko shatar bas, muka yi dambu da soyayyen kaji, muka cika kula da zoɓo. Da za a hau mota sai ga Inna da wani ƙaton ƙulli a ka, matan gidan na biye da ita kowa da nata. Yaya ya ɗauka tabarmi ne da kayan shimfiɗa, har da sa hannu aka ɗora a saman mota.

Ba zan manta da fuskar Inna ba lokacin da muka iso. Matar da ruwan da ta sani bai wuce rijiya da kududdufin bayan unguwa ba, sai ga ruwa iya ganinta, har ya haɗe da sama. Ta yi salati ta sake yi. Ba ta gama mamakin ba ta ce a sauke mata ƙullinta, ta kwance. Wanki ne. Zannuwan gado, labulaye, rigunan babanmu, har da tsofaffin barguna da aka daɗe ana jin tsoron ruwan da za su ci. Mu 'yan cikin ganuwa ke nan: an kai mu yawon buɗe ido, mun tafi da sabulu da bula. Wanda bai taɓa yin wanki yana lallaɓa ruwan jarka ba, ba zai gane ba.

Yaya ya zo ya durƙusa tsakaninta da ruwan. "Inna, ki yi haƙuri, ba a wanki a nan. Ruwan nan shi mutane ke sha, har mu."

"Har mu wa?" in ji Inna. "Ni rabon da in ga ɗigonsa a famfo har na manta. Ni da na wanke maka tsumma kana jariri, yau kai za ka hana ni wanki? Matsa ka ba ni wuri."

Bai ɗaga kai ba, bai kuma matsa ba. Ya ce in ya bar mahaifiyarsa yau, gobe ba shi da bakin hana uwar wani. Inna ta tattara kayanta ta koma gindin wata tsamiya ta juya wa ruwan baya, haka ta wuni ko dambun ba ta taɓa ba. Muka dawo Dala da dattinmu yadda muka tafi da shi. An daɗe in ya zo gaishe ta bango take kallo tana amsawa, kuma na san abin ya ci shi ƙwarai, don duk cikinmu babu mai gudun ɓacin ranta kamarsa.

Da Sallah ta zagayo, shi da kansa ya shigo ya ce, "Inna, a ƙulla wanki." Wannan karon ya wuce da mu ƙasan dam, inda wata ƙaramar hanyar ruwa ke bi ta nufi gonaki. Ashe duk ranakun hutunsa a can ya ƙarar da su. Shi da mutanen ƙauyen sun kwaso faffaɗan duwatsu a amalanke sun jera nesa kaɗan da ruwan, ya haƙa kwata da ke kai kumfa cikin wani ramin yashi. A ɗebo ruwa a bokiti, a wanke a kan dutse, a ɗauraye a nan, ko ɗigon sabulu ba ya komawa. Inna ta zagaya tana dubawa, can ta ce wannan dutsen ya cika tudu. Wanda ya san Inna ya san sulhu ke nan.

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Mata na wanki suna hira, shanya ta rufe ciyayi, maza na jefa ƙugiya, yara na wasa a inda Yaya ya kafa musu sanda ya ce kada a wuce. In zai ƙara ruwa sai ya hau babur ya bi gefen hanyar yana gaya wa mutane su ja baya. Ra'ayinsa shi ne a bar jama'a su riƙa zuwa, a dai koya musu, domin wanda bai taɓa ganin ruwan ba ba zai ji tausayinsa ba. Inna ta riga shi tafiya, shi ma bai daɗe ba ciwon ajali ya kama shi, kuma tun daga nan babu wanda ya sake samun zuciyar shirya tafiyar.

Sati biyu bayan Sallar bana na cika wa Ummi alkawari. Muka tarar an zagaye bakin dam da waya, ga ƙofar ƙarfe, ga maigadi. Mutum ne mai ladabi, ya ce, "Hajiya, wallahi ba ni da iko, sai da izini daga ofis." Ya ce an sha rasa samari a ruwan lokacin bukukuwa, ga leda da robobi da ake bari, shi ya sa aka rufe. Na tambaye shi ko ya san wani Malam Habu mai buɗe ƙofa, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ban zargi kowa ba. Na san da Yaya na nan zai yi baƙin cikin yaran da suka nutse fiye da kowa, amma na san kuma zai tambaya ko an gwada kafa sanda kafin a kafa waya. Ummi ta leƙa ta tsakanin ƙarfen, abin da ta hango na ruwan bai fi faɗin sallaya ba. Ta ce, "Ba komai Gwaggo, mu tafi," da muryar da ta nuna akwai komai. Na ji kamar na sake kashe mata uba.

Don dai kada mu juya haka nan na ce wa direban da ya kawo mu ya bi ta ƙasan dam, ban sa ran komai ba. Muka tsayar da wani mai keke ina kwatanta masa wurin, ya katse ni: "Au, Dutsen Inna kuke nema? Ku miƙe." Ashe wayar ba ta kai can ba. Tun daga nesa na hango shanya. Duwatsun suna nan, sun yi sulɓi saboda amfani, an ma ƙara wasu, mata sun cika wurin. Na tambayi wata mai goyo wace ce Innar, ta ce oho, ita ma haka ta taso ta ji ana faɗa.

Ummi ta nemi aron sabulu, ta cire ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi, ta durƙusa a kan dutsen da na nuna mata, mai tudun nan. Da ta gama sai ta nufi hanyar ruwa za ta ɗauraye. Wata dattijuwa ta daka mata tsawa: "Ke 'yar birni! Ba a sa sabulu a ruwan nan. Ɗauki bokiti, ga kwata can. Haka dokar wurin take." Ummi ta tsaya cak, kumfa na zuba daga hannunta. Ta waiwayo tana dariya hawaye na sauka, ta ce, "Gwaggo, kin ji Baba ya yi min faɗa."

Sunan Yaya Habu ba ya jikin kowane allo a dam ɗin, ma'aikatan yanzu ma ba su san shi ba. Abin da ya rage nasa duwatsu ne da ya jera don ya faranta wa uwarsa ba tare da ya ci amanar aikinsa ba, da doka guda a bakin matan da ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna. Ummi ta ce baɗi da ƙulli za mu koma, kuma na riga na ware labulayen ɗakina.