Kwalabe Uku a Ƙullin Inna

Tun da aka ɗauke ni aikin shara a ƙaramin asibitin garinmu, kusa da Goronyo, abu guda ke damuna: Turancin da ke jikin magani. Aji huɗu na tsaya a firamare. Ɗiyata tana da wata tara a lokacin, kuma duk sanda zan ɗura mata wani abu sai in yi ta juya kwalbar, don ban san abin da aka rubuta ba.

Aikina shara ne da wanke-wanke, sai kuma in an kawo magani in jera kwalaye a sito. A wajen jerawar na lura kowane kwali suna biyu gare shi. Akwai babba mai ado, na kamfani, akwai ƙarami a ƙasansa. Babban yana canzawa, ƙaramin ba ya canzawa. Ban iya karanta su ba, amma idona ya saba da siffarsu.

Wata ranar kasuwa cikin damina har yau ba ta fita raina ba. Wata tsohuwa ta zo daga Kagara da jikanta Ummaru, ɗan shekara biyu, jiki zafi, yana amai. Ƙa'idar wurinmu ita ce a yanki kati, a auna yaro, sannan a shiga wurin in-caji, wato babban ma'aikacin lafiya, Malam Bello. Shi kuwa tambayarsa ta farko kullum ɗaya ce.

"Inna, mi aka ba shi gida?"

"Ba mu ba shi komi ba, Malam."

Haka duk matan ke cewa, don an sha yi musu faɗa a kan sayen magani a kemis. Saboda haka kafin su shiga sukan ajiye ƙullin kayansu a ƙarƙashin bencin waje. Ni da ke shara na san wannan, Malam bai sani ba.

Da ta fito jiran magani, sai ta kwance ƙullin tana neman goro. Na hango kwalabe uku. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, waɗannan fa?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Wagga mai hoton yaro ta zazzaɓi ta. Wagga ja ta haƙori ta. Wagga ko maƙwabciya ta ba mu, daga birni aka kawo mata. Kwana ukku ina ba maigidan nan nawa duka, safe da rana da marece, ya ƙi tashi. Raggon miji!"

Na juya kwalaben. Biyu daga ciki ƙaramin sunansu ɗaya ne, kuma shi ne a jikin kwalbar da ake shirin ba ta a tagar karɓar magani. Ta uku dabam take.

Mai shara ba ta sa baki a maganar magani, an faɗa mini tun ranar farko. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina lissafin abin da zai biyo baya. Sannan na ce, "Inna, ara mini su."

"Ke ɗiyar nan, so kike a yi mini hwaɗa?"

Na ɗauka dai na shiga. Na ce, "Malam, a gafarce ni. Ban iya karatu ba, amma kamar waɗannan biyun abu ɗaya ne."

Ya duba, ya ce farasitamol ne duka biyun. Ya ɗaga ta uku ya daɗe yana kallo. "Wannan ma shi ne. Asitaminofen, haka wasu ƙasashe ke kiran shi. Magani guda, suna biyu, ga na kamfani a sama." Ya soke maganin da ya rubuta wa Ummaru, ya kira Inna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata maganin nan in ya yi yawa hanta yake ci, kuma ba ya nunawa da wuri. Ya rubuta takardar tura su babban asibiti, aka nemo mai babur.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaure goyo, ta ce, "To ni mi na sani? Kwalba ba ta yi kama da kwalba ba."

Ummaru ya yi kwana shida a kwance, aka sallame shi. Malam bai yi mini faɗa ba a kan shigar da na yi. Tun washegarin ranar kasuwar dai ya daina tambayar me aka ba yaro. Yanzu cewa yake, "Ina kwalaben? Kawo mu gani, ba faɗa."

Abin da na fahimta a aikin nan shi ne, mutanenmu da launi da hoto suke sanin magani, ma'aikata kuma da ƙaramin suna, kuma tsoron faɗa ya hana su haɗuwa.

Don Allah, in za ku kawo yaro, ku zo da duk abin da kuka ba shi, har kwalbar da ta ƙare. Ku shiga da ita ciki, ku ɗora a kan tebur.