Gwiwar Tattabara

Kakata Falmata, wadda iyayenta suka zo Kano daga Borno, tattabaru take kiwo a gidanmu na Fagge. Bayan sallar isha'i takan zauna gaban murhu tana gasa ƙafafunta, mu kuma mu kewaye ta. A lokacin Turawa ba su tafi ba, lantarki kuwa sai dai mu hango shi daga nesa. Ni ne mai gardama a cikin jikokin. Idan tatsuniya ba ta kwanta min ba, sai in juya baya in yi barcin ƙarya.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," haka take farawa.

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wani masaƙin faifai da ya so ya tashi sama. Ya saƙa manyan faya-fayi biyu, ya ɗaura a hannuwansa, ya hau tudu yana kaɗawa. In ya kaɗa su ƙasa sai ya ɗan ɗaga, in ya mayar da hannu sama sai iska ta danno shi inda yake. Ya wuni yana gumi, bai bar tudun ba. Tattabara ta sauka kusa da shi ta ce, ai fiffike gwiwa gare shi: in za ka sauke ka shimfiɗa, in za ka ɗaga ka naɗe. Ya ce shi ba ya saƙa abin da zai lanƙwashe.

"Yana can har yau yana fifita tudu," in ji Kaka. Sai ta zungure ni da ƙafa. "Maigidan, kana ji ko ka tafi?"

Ban taɓa amsawa ba. Na ɗauka gugar zana take min a kan taurin kai.

Shekaru bakwai bayan haka ina makarantar koyon sana'a. Malaminmu ya raba mu biyu-biyu, kowa ya ƙera abin da ke motsi. Wanda nasa ya ƙi aiki, ba zai wuce ajin injiniyoyi ba. Ni da Emeka, ɗan wani mai gyaran keke a Sabon Gari, muka zaɓi tsuntsu. Muka samo injin tsohuwar garmaho, muka yi fikafikai da wayar keke da ƙyallen alawayyo. Sharaɗin shi ne a ɗora shi a gefe ɗaya na sikeli, in ya kaɗa, gefen ya ɗaga.

Ya kaɗa har ƙura na tashi, sikelin sai rawa kawai yake. Saura kwana uku. Gaskiya na tsorata.

"Wannan abu fanka ne, ba tsuntsu ba," in ji Emeka.

Nan take na tuna mai fifita tudu. Muka yanke kowane fiffike a tsaka, muka haɗa da fata, yadda zai naɗe in ya yi sama, ya miƙe in ya sauko. Ranar gwaji gefen ya ɗaga, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma ya ɗaga, muka wuce.

Sai daga baya na gane ba wa'azi kaɗai Kaka take min ba. Matar da ta shekara arba'in tana figar tattabaru, abin da hannunta ya sani take faɗa.

Na kai mata tsuntsun. Lokacin idanunta sun riga sun tafi. Ta shafa fiffiken a hankali har yatsanta ya tsaya a kan fatar, ta lanƙwasa, ta saki.

"Wa ya ba shi gwiwa?"

"Ke, Kaka."

Ta ce, "Ja'iri. Ashe ba barci kake ba."