Kwamfutar da ba ta amsa sallama

Ina zaune gefen Inna tana bandar kifi a gidanmu na Yelwa, sai saƙo ya shigo wayata: an karɓi gyaran da na daɗe ina fama da shi a kenel, wato zuciyar manhajar kwamfuta.

"Mi kika gyara kike ta murmushi?" in ji Inna.

Na ce, "Wata na'ura ce ke wa kwamfuta sallama. Tana ji, ba ta amsawa, na'urar ta yi ta maimaitawa har komai ya tsaya cak. Na sa ta amsa."

Da maƙwabciyarmu ta leƙo, Inna ta ce mata, "Ɗiyata ce ta koya wa kwamfutocin duniya ladabi."

Wallahi ban musa ba. Ku fa, yaya iyayenku ke bayyana aikinku?