Shekara Uku Dogo Yana Amsa Sunana

Dogo ɗan gwaggona ne. Ya girme ni da shekara biyu, ya kuma fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ni karatu ya kawo ni ƙasar nan, takarduna cif. Shi kuwa da bizar ziyara ya shigo, ta wata uku, ta ƙare ya yi kamar bai gani ba. Ba a ɗaukar mutum aiki a nan sai da katin shaida mai izinin aiki, don haka na ba shi nawa. Hoton da ke jiki ko a mafarki bai yi kama da shi ba, amma manajan kamfanin wanki ya dubi hoton, ya dubi Dogo, ya ce ya fara gobe. A idonsu duk fuskarmu ɗaya ce.

Aikinsa shi ne ciyar da injin guga. Zannuwan otal suna fitowa daga wanki da danshinsu, shi da wata dattijuwa su kama gefe da gefe su miƙa wa injin, ya haɗiye ya fito da su a goge. Awa goma a tsaye cikin tururi. Fatar yatsunsa ta goge har wayarsa ta daina gane zanen yatsansa. Idan ya hawo ɗakinmu, hawa na huɗu ba lif sai matakala, sai ya tsoma ƙafa a bokiti ya ce, “Farfesa, yau ma an yaba maka a wurin aiki. Kana nan kwance da littafi, sunanka yana can yana zufa.”

Ya ji daɗin ƙasar, ban ce bai ji ba. Ya koyi iyo, ya sayi keke, ya sa ƙanwarsa a makarantar koyon jinya, kullum da hotonta cikin farar riga yake yi mana fariya. Amma bai taɓa tsallaka titi fitila ba ta ba shi hannu ba, ko da babu mota ko ɗaya. Idan ya hango ɗan sanda, sai ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Asibiti kuwa ko ta ƙofarsa ba ya bi.

Wata Talata cikinsa ya fara ciwo, ya ce iska ce. Laraba ya tafi aiki a dudduƙe. Alhamis da hantsi dattijuwar nan ta kira ni, ta ce ɗan'uwana ya zube a gindin inji yana amai. A cikin tasi, a hanyar asibiti, ya damƙe hannuna, tafinsa zafi rau.

“Farfesa, ko me za a yi a can, ni ne kai. Kai ƙanena ne da ya rako ni. Ka ji?”

Na ce na ji.

Muka miƙa katina, muka yi awa biyu a kan kujerun roba. Likitan matashi ne, gajiya ta cika masa ido, ya fi kallon kwamfuta fiye da marar lafiya. Ya danna cikin Dogo ta dama, Dogo ya yi ƙarar da ban taɓa jin ya yi ba. Likita ya koma ya karanta fayil.

“Da na ce afendis ne,” in ji shi, “to ga shi fayil ya nuna an cire maka shekara huɗu da suka wuce. Haka ne?”

Dogo ya gyaɗa kai.

Ni aka cire wa ɗan tsiron hanjin nan, a shekarata ta farko, a wannan asibitin. Ta ƙananan huji uku aka yi aikin, tabon ma sai ka sa ido, shi ya sa likita bai damu da nemansa ba. Ya ce wataƙila wani abu ya ci, ya fara rubuta magani, ya ce mu je gida, in bai yi sauƙi ba mu dawo jibi.

Jibi! Ni da aka gaya wa a lokacina cewa da na ƙara kwana ɗaya da ya fashe a cikina. Dogo kwanansa uku ke nan. Na dube shi, leɓensa ya bushe ya yi fari, yana girgiza mini kai. Ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

“Wallahi ka buɗe baki ban yafe ba. Yarinyar nan saura shekara ɗaya ta gama. Ɗaga ni mu tafi.”

Likita ya tambayi me ya ce. Haushi ya turnuƙe ni, haushin Dogo da taurin kansa, da haushin kaina da na ba shi katin tun farko. Tsoro kuma ya fi haushin yawa, don na san ni ma karatuna yana kan siraɗi. Likita ya yage takardar maganin ya miƙo. Ban karɓa ba. Na miƙe na ɗaga rigata.

“Likita, wanda aka cire wa ga shi nan. Nasa yana ciki.”

Ya dubi cikina, ya dubi Dogo, ya ajiye biro ya fita da gudu. Kafin rabin awa an shige da shi tiyata. Ashe ya riga ya fashe.

Likitan bai kai mu ƙara ba. Amma dole a gyara fayil, daga ofishin asibiti kuma maganar ta yi gaba. Bayan sati shida aka sa Dogo a jirgi zuwa gida, yana tafiya yana dafe ciki. Ni aka ƙwace izinin aikina, da kyar aka bar ni in ƙarasa karatu. Ƙanwarsa ta ajiye farar riga ta koma gida.

Shekara biyu ke nan bai ɗauki wayata ba. Gwaggo ce ke kirana duk mako, ta yi ta sa mini albarka har in rasa inda zan sa kaina. Sau da yawa ina jiyo muryarsa a bayanta, yana faɗa da yara sun taɓa masa rediyo. Sai ta ce, “Dogo, ga ɗan'uwanka.” Sai a yi shiru. Can ta dawo ta ce, “Ka ga, yanzu ya fita.”

Sai in ce, “Ba komai, Gwaggo. Kar dai ki kashe wayar, ki ajiye ta a nan kusa.”